Wata Mata? Gwaggona Ce!

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shiri. Ni ce Talatu daga Bunkure. Ka yi haƙuri da ni, raina a ɓace yake.

Ranar Lahadi ka kawo mana tarihin baƙaƙen matan Amurka da suka fara waƙar jaz. Kowacce ka faɗi sunanta da garinsu da wulaƙancin da ta sha. Madalla. Sai ka ce a Kano ma an taɓa irin kiɗan, ka sa wani tsohon faifai, ka ambaci mai busa da mai ganga, sannan ka ce "da wata mata tana rerawa."

Wata mata? Malam, gwaggona ce, Asabe! Muna tsinkar tumatir ni da ita a gonar rani, rediyo na ajiye a bakin kanal ɗin ban-ruwa. Da ta ji muryarta ta ƙuruciya sai ta ajiye kwando ta miƙe, tana jiran ka kira sunanta. Ba ka kira ba. Ta sunkuya ta ci gaba da tsinka.

Tun kafin 'yancin kai take waƙa a Sabon Gari. Saboda haka aka kira ta 'yar iska, yayyenta suka hana ta shiga gidan ubanta. Yau 'ya'yan masu zagin nata da waƙarta suke dashen shinkafa.

Na ƙetaren teku kun san sunansu, ta Bunkure ce ba ta da suna? Masu sauraro, ku faɗa mini in wannan adalci ne.

Ina gaida abokan aikina matan gona. Kai kuma Malam, ka sake sa faifan, ka faɗi sunan da ƙarfi. Kunnenta ya fara nauyi.