Tsinken Kwallin Gidan Suna

Shekarar da ciwon ido na Afolo ya shigo gari, mata biyu suka haɗu a bencin jiran likita a Kankia, kowace ido jajur. Tsohuwar, Luba ta Bauranya, ita ta fara magana.

"Baiwar Allah, ke ma ya same ki?"

"Ya same ni, Inna, tun wani suna a Kafinsoli."

"Ikon Allah! Sunan jikana ne. Mu goma sha ɗaya muka kamu, har jaririn, yana ciki ana duba shi. Abin da ya ɗaure mani kai, duk sai da na rambaɗa masu kwalli da hannuna don rigakafi."

"Da tsinke ɗaya?"

"To da nawa? Kwallin Makka ne fa, maganin ido!"

"Malamin asibiti ya ce tsinken ke kai ciwon daga ido zuwa ido."

"Magani ya kai ciwo? Kamar yaya?" Luba ta tsaya tana jujjuya tandun kwallin a hannu. "Wa ma na fara sa wa?"

"Ni ce, Inna. Na ce maki idona na ƙaiƙayi, kika ce in matso."