Robar Hancin Inna

A bencin jiran likita a wani asibitin Minna na ji wani ɗan Kasuwar Kure yana ciniki da wata mata 'yar Gwada.

"Madam, ki ba ni layinki na ganin likita, in bar miki fulas ɗin kunun gyaɗan nan."

"Na yarda. Saurin me kake, Alhaji?"

"Innata ce ɓarin jikinta ya shanye, haɗiya ta gagara, suka zura mata roba ta hanci. Yau sai an cire! Uwar da ta ba ni a baki, in ɗura mata ta hanci? Da cokali zan ba ta."

"Ka gwada?"

"Jiya, a ɓoye. Ɗan tari kawai ta yi."

"Ƙwarewa ce, cikin huhu kunun yake tafiya. Mijina Ishaku ma ɗan tari ya yi. Ni na zare masa robar da hannuna, don tausayi."

"Ya ji sauƙi?"

"Kwana tara ya ƙara a duniya."

Alhaji ya daɗe yana kallon fulas ɗin.

"To yaya ake yi da robar?"

"Ka zaunar da ita, ka tace abincin sosai, ka zuba da sirinji a hankali, ka bi da ruwa. Sauran kuma nas ta nuna maka."

"Wallahi ba zan fito ba sai na iya."

Madam ta rasa layi, Alhaji ya rasa kunu. Riba kuwa ta tsohuwa ce, wadda ba ta ma san an yi cinikin ba.