Ranar da Na Kai Sule da Rabi Ƙauyensu a Damagaram

'Yan'uwana mata, salamar Ubangiji Yesu ta zauna tare da ku. Ni ce Saratu matar Bulus direba, ta Gyadi-Gyadi. Yau ba kuka na kawo muku ba kamar yadda na saba. Yau da taƙama na zo, ku yi haƙuri da ni!

Tsofaffin wannan zumunta ta Tarauni sun san shekarun da na yi ba haihuwa. Ba asibitin da ban je ba, ba sassaƙen da ban sha ba. Ana cewa an yi suna a unguwa sai in ji kamar an zuba min barkono a ido.

Sai shekarar fari ta zo, mutanen Nijar suka yi ta kwararowa Kano. Wata mata ta faɗi a zaurenmu da 'ya'ya biyu, Sule yana tafiya, Rabi tana goye. Mijinta ya riga ya rasu a hanya. Ba ta jima a hannunmu ba ita ma ta bi shi, amma kafin nan ta faɗa min sunan ƙauyensu a ƙasar Damagaram.

Na riƙe yaran nan, har wasu suka ce in sa musu sababbin sunaye. Na ce a'a, abin da uwarsu ta bar musu ke nan.

To amma tsoro ya kama ni, tsoro mai cin jiki. In na ji ɗan ga-ruwa da harshen Damagaram a ƙofar gida, sai in ja su ɗaki in turo ƙyaure, wai dangi ne suka zo karɓarsu. Na rame, kaina kullum ciwo. Bulus ya ce, "Saratu, ke kike riƙe yaran nan ko su ne suke riƙe da ke?"

Ran nan Sule ya dawo daga makaranta ya ce, "Mama, kowa yana zuwa gaida kakarsa in an yi hutu. Mu ba mu da ita ne?"

Wanki nake yi. Nan gefen bahon na durƙusa da kumfa a hannuna, na ce, "Yesu, ba ni na halicce su ba. In nawa ne, ka ba ni su a fili. In ba nawa ba ne, ka ba ni zuciyar da zan iya dawowa gida ni kaɗai." Ina tashi na ce wa Bulus ya nemi lodin Damagaram.

Muka bi ta Daura muka tsallaka iyaka. Rabi sai dariya take wa dogon burodin mutanen Nijar, wai sanda ce.

Da tambaya muka kai ƙauyen. Kakarsu, uwar ubansu, tana raye, amma idonta ya tafi. Yarana suka cire takalmi suka durƙusa har ƙasa suka gaishe ta, ba wanda ya ce musu su yi. Kai, 'yan'uwa, a nan kaina ya fara kumbura!

Bayan an sha kuka an sha fura, baffansu, ƙanen ubansu, ya gyara zama ya ce, "Malam Bulus, Allah ya saka. Amma ɗa na dangin uba ne. Yarinyar ku koma da ita, namijin zai zauna, gona tana son hannu. Kuma ga shi a gidan masu zuwa coci yake."

Gaskiyarsa ce bisa al'ada, na sani. Sule ya damƙe gefen zanena.

Tsohuwa ta ce, "Miƙo min su." Ta shafa bayansu tana neman tabon bulala, ba ta samu ba. Ta laluba kan Rabi, ta ji kitso sabo. Ta matsa dantsen yaron, ta ce, "Kai, wa ake ce maka a can?"

Ya ce, "Sule."

Ashe sunan marigayi mijinta aka sa masa, sunan da ita ba ta faɗa. Ta ce, "'Yata, ba ki sauya masa ba?" Na ce, "Inna, ba ni na raɗa ba, yaya zan goge?"

Sai ta fashe da dariya, hawaye yana zuba. Ta ce, "Maigidana ne ya dawo, ya yi ƙiba a birni! Miji mai ci haka, ina ni ina ciyar da shi?" Ta juya wajen baffan ta ce, "Ranar da uwarsu ta faɗi, ba ta tambayi inda masu gidan suke addu'a ba. Kai kuma ba ka je cigiya ba."

Ta kama hannun Sule da na Rabi ta ɗora a nawa, ta ce, "A da, tsintarsu kika yi. Yau ni na ba ki riƙo, gari shaida ne. Duk dogon hutu ki kawo min mijina in ji muryarsa."

Halleluya! Baffan da kansa ya ɗaga Sule ya sa shi a gaban mota, ya bi mu da buhun gero.

Sule, Rabi, ku tashi iyayenku su gan ku. Ku duba min su da kyau! Na gode wa Ubangiji Yesu da ya cire min tsoro. 'Yar'uwa, abin da kika ƙanƙame saboda tsoro, ki yarda ki miƙa masa. Ni na je da zullumin dawowa hannu wofi, ga ni na dawo da 'ya'yana biyu, kuma yanzu kowa ya tambaye ni, da ƙarfi nake cewa nawa ne. Amin.