Ɓarayin Lokacin Huɗuba

Ku matso, ke Ummi ajiye wayar nan. Kuɗin motar da ya kai ni Kano, tunkiyar Inna ce. Ta sayar da ita, ta ƙulle mini kuɗin a bakin zane, ta ce idan difilomar kwamfutar da nake taƙama da ita ba ta yi rana ba in dawo, gero bai ƙare a rumbu ba.

Na sauka a Na'ibawa, gidan wata Hajiya mai faɗan tsiya. Kullum ƙorafinta laftof ɗina ke shanye mata wuta. Na ce, "Hajiya, firjinku fa?" Ta ce, "Firji ya girme ki a gidan nan."

Aiki kuwa a wani kamfanin fata na samu, a Challawa. Warin wurin sai da ya raba ni da nama na wani lokaci. Ni ce mai kula da kwamfutocin ofis. Manaja yana ji da wata manhaja mai tsada da ke kama cutar kwamfuta, leburori suna kiran ta Anti Bairas, har wani ya taɓa tambaya ta ko 'yar uwata ce.

To ranar Juma'a ofis watsewa yake. Maza su tafi masallaci, kowa ya bar kwamfutarsa a kunne don kada ya dawo yana jiran ta farka. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai nake saura. Wata Juma'ar ina cin awara, sai na ga wata baƙar taga ta buɗe a kwamfutar Malam Sabo, dattijon da ke riƙe da sito, ta rufe kanta. Na leƙa. Akwai wani ɗan kayan aiki da kowace kwamfuta ke zuwa da shi, aikinsa duba takardun shaida. Shi na tarar ya fita intanet yana jawo wani fayil daga inda ba mu taɓa hulɗa ba. Anti Bairas ko tari ba ta yi ba, don kare ba ya haushin ɗan gida. Ɓarawon bai zo da tsaninsa ba, namu ya jingina. Na fizge wayar intanet ɗin.

Na zaci yabo zan sha. Manaja ya saurare ni tsaf, ya ce manhajarsa ba ta ga komai ba, ashe aikin na cikin gida ne. Malam Sabo yana masallaci, kowa ya gan shi. "To wa ya rage a ofis?" Kallon da aka yi mini har yau ban manta ba. Na san hanyar da ɓarayin suka shigo: wata takardar kaya ta bogi da aka turo wa Malam Sabo ta imel ya buɗe. Shi ma ya sani. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ni kuma na ji nauyin tona dattijo a gaban yara. Kora ba ta dame ni kamar sunan ba. A ce 'yar Inna ta je birni ta zama ɓarauniya? Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na roƙi Manaja ya ba ni zuwa Juma'a mai zuwa. Na gyara yadda duk wani kayan aikin gida da ya miƙa hannu waje zai ɗauko fayil, za a tare shi, saƙo ya tafi wayar Manaja. Lissafina shi ne mutanen sun san lokacin da ofis ke zama kango, kuma da wuya a ce ƙofa ɗaya suka buɗe. Idan ba su dawo ba kuwa, tawa ta ƙare.

Ranar na miƙa wa Manaja wayata da laftof, ya kulle ofis da hannunsa. Na zauna bakin get wurin mai abinci, ta zuba mini shinkafa da wake, ko loma ban kai ba. Ina jin huɗuba ta lasifika.

Da aka sallame na hango shi yana tafe da sauri, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Wayarsa ta yi ta motsi a aljihunsa tun liman bai sauko ba. Wannan karon ta kwamfutar ma'auni suka biyo. Bai ba ni haƙuri ba, manya ba sa yi. Cewa ya yi, "Rabi, zo ki nuna mini." Daga nan aka wanke kwamfutocin duka, aka kafa dokar kashe su kafin a tafi masallaci.

Na ƙara shekaru a can kafin ciwon Inna ya dawo da ni. Malam Sabo bai taɓa ɗaga maganar ba, gaisuwa ma a gurguje yake amsawa. Ranar da zan taho, ina jiran Adaidaita, sai ga shi da abu a naɗe a buhu. Ya ajiye a gabana, idonsa a ƙasa, ya ce, "Ni na buɗe takardar nan. Na faɗa wa Manaja yau da safe."

Na ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Sai a mota na kwance buhun. Buzu ne na tunkiya, shi ya jeme da hannunsa. Shi ne wannan da kuka zauna a kai, don haka Ummi ɗauke kofin kunun nan daga kansa.