Kujerar Baban Peculiar

Paulina: Halo? Halo, Baba Azariya, kana ji na?

Azariya: Wa ke magana? A'a, matarmu! Paulina, tsaya in hau kan suri. Sabis ɗin Madakiya sai dogon mutum.

Paulina: Ina kwana, Baba.

Azariya: Lafiya lau. Yaya Kafanchan? Yaya gajiya?

Paulina: Ba gajiya. Yaya Mama Afiniki da ƙafarta?

Azariya: Da sauƙi, jiya har ta taka zuwa zumuntar mata. Yaya yara?

Paulina: Suna lafiya. Yaya ruwa?

Azariya: Ruwa ya yi gyara. Ina cikin gonar citta ma yanzu, ciyawa tana neman fin ƙarfina. Yaya ƙanena? Ya tashi lafiya?

Paulina: Mun gode Allah. Ya sha kunu ya sake sha, wai ba a ba shi na farko ba.

Azariya: Gara ya sha. To, maganar Asabar fa? Mutanen Kauru sun tabbatar?

Paulina: Sun tabbatar. Kawunan saurayin, Gershon, da fastonsu, da hantsi za su iso.

Azariya: Madalla. Na riga na gaya wa ɗana Justin, ranar Juma'a zai zo da mashin ya ɗauko Obadiah. An share masa ɗaki. Ya kwana biyu a nan, ni in zo in zauna a kujerarsa, a yi tambayar auren 'yarsa Peculiar a tashi lafiya.

Paulina: Dalilin kiran ke nan, Baba. Kada Justin ya ƙona mansa.

Azariya: Kada ya me? Muryarki tana yankewa.

Paulina: Na ce kada ya zo! Obadiah ba zai tafi ko'ina ba.

Azariya: Haba, Paulina. Ba ke kika kawo shawarar nan ba? Har da hawaye, a tsakar gidana.

Paulina: Ni ce. Shi ma da bakinsa ya yarda, wata safiya da kansa ya washe. Ya ce a kai shi ƙauye kada ya ɓata wa yarinya ranarta.

Azariya: To, me ya canja?

Paulina: Kafin rana ta take ya manta ya faɗa. Amma maganar baƙi ta zauna masa. Tun Litinin kullum sai ya sa babbar rigarsa ta Kirsimeti, ya jawo kujera gindin mangwaro, yana jiran su. Jiya yayyafi ne ya koro shi.

Azariya: Ai shi ya sa! Ke kin san yadda dangin miji suke bincike. Su gan shi haka, kafin su kai Kauru labari ya riga su: akwai hauka a jinin gidan. Kin manta yaron Fadan Kaje da ya fara neman ta?

Paulina: Ban manta ba.

Azariya: Ranar da ya tarar da Obadiah a kasuwa yana jera masu tumatir wai sun makara asambulin makaranta, daga nan wa ya sake ganin ƙeyarsa?

Paulina: Ba hauka ba ne, Baba. Likita ya faɗa a gabanka. Ciwon mantuwa ne, ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa a hankali, kuma yana kama wasu tun ba su tsufa ba.

Azariya: Mantuwa a hamsin da uku! Babanmu ya kusa casa'in yana gane awakinsa da kukansu. Ni har gobe ina cewa hannu aka sa masa a makarantar nan, saboda kujerar hedimasta.

Paulina: Mun wuce nan. Ka kai shi dutsen addu'a, me ya dawo da shi ban da tari?

Azariya: To, bar wannan. Al'ada fa? Uba ne zai kira yarinya da sunanta a gaban jama'a, ya ce, kin san mutanen nan? Mu karɓi kayansu? Ba ke kika ce mini makon jiya ta shigo da tire ya ce mata, madam, wa kike nema?

Paulina: Haka ya ce.

Azariya: To?

Paulina: Ta ajiye tiren ta ce, Baba, ni ce, 'yarka. Ya ce to, sannu da zuwa. Ta je bayan kicin ta yi kukanta, ta dawo ta yanke masa farce.

Azariya: Kai. Ubangiji ya yi mana jinƙai.

Paulina: Amin. Ita ce ta ƙi, Baba. Justin ya kira ta yana tambaya ko a haɗo da maganin babanta a jaka, nan ta gane shirinmu.

Azariya: Wannan yaron, bakinsa kamar kwando!

Paulina: Ta ce maraya ake nema wa wakili, ita ubanta yana da rai. In ba shi ne a kujerar nan ba, ba za ta fito daga ɗaki ba, ko za a kira ta har Lahadi.

Azariya: Gershon ya sani?

Paulina: Shi ya sani tun tuni, har aski yake kai shi. Kawunan ne ba su sani ba.

Azariya: Kawunan ne masu magana ai! In suka ja akuyarsu suka koma fa? Sau nawa za a fasa wa yarinya ɗaya?

Paulina: Na tambaye ta. Ta ce gara su tashi ranar Asabar da su tashi bayan an ɗaura. Ta ce, Mama, ranar aure ma ƙauye za a kai shi? Ranar da za a miƙa jariri a coci fa?

Azariya: To ni ba zan zo ba.

Paulina: Baba!

Azariya: Ba zan zo ba, na gaya miki. Ba zan zauna ina kallo baƙi suna haɗa ido suna danne dariya a kan ƙanena ba. Kin san wane ne Obadiah a wurina? Tun muna samari shi ke tsayawa gefena a sujada, yana raɗa mini baitin waƙa kafin a kai wurin, don kada a gane karatuna bai kai ba. Har na zama dattijon ikilisiya ba wanda ya gane. Shi ne yau zan ga yana lalube a gaban mutane? Zuciyata ba za ta ɗauka ba, Paulina.

Paulina: Na sani, Baba. Ni kullum nake gani. Tsaya, ga shi ya shigo. Baban Peculiar, yayanka ne. Riƙe nan, a'a, juya ta. Yauwa.

Obadiah: Halo? Wane ne?

Azariya: Ni ne, Azariya.

Obadiah: Azariya! Kana gona, ko? Ajiye fartanyar nan ka je ka yi wanka, muna da baƙi. Za su zo tambayar yarinyata.

Azariya: Wace yarinya, Obadiah?

Obadiah: Yarinyata mana. Doguwar nan, mai dariya irin ta Mama. Sunanta... tsaya, yana nan a bakina. Ni na raɗa mata shi. Tsaya.

Azariya: Ina ji.

Obadiah: Ya tafi. Amma tawa ce, Azariya. Ni zan tambaye ta.

Azariya: Peculiar.

Obadiah: Peculiar! Ka gani? Ashe kai ma ka san ta. Za ka zo?

Azariya: Ba Paulina wayar.

Paulina: Baba? Yi sauri, katina ya kusa ƙarewa.

Azariya: Har yanzu kunnen hagun ne mai kyau?

Paulina: Na wa?

Azariya: Na mijinki mana! Wanda ya fi ji da shi.

Paulina: Na hagun ne.

Azariya: To ki sa kujerata a hagunsa. Ki manna ta da tasa, kada ki bar fili a tsakani.

Paulina: Baba, in kawunan suka lura...

Azariya: Su lura. Shi zai yi tambayarsa. Ke dai ki manna kujerun, kin ji? Paulina? Halo? Paulina?