Na Wuce Basiru a Cikin Ruwa

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da masu sauraro. Ni ne Nasiru daga Warra.

Akwai wasan da muke yi a waya, kowa daga garinsu. Kowa da matsayin da ya ɗauka, kuma doka ce ka yi hali kamar da gaske ne. A wasan ni matuƙin jirgin ruwa ne. Wasan kuma yana ba ka aiki: ka kai kifi gaɓa kafin lokaci ya cika, ka samu maki.

Ran Juma'a ina tsakiyar ruwa, saura minti biyu, sai na ji muryar abokina Basiru na Shanga: "Mai jirgi, taimaka, jirgina ya kife!" Na gan shi sarai. Na dubi lokaci, na wuce.

Ina sauke kifin ya kira ni. Ya ce, "Da ɗan birni ne ban damu ba. Kai ɗan bakin ruwa ne, Nasiru. Wa ya taɓa jin kira a ruwa ya wuce?" Na ce ai wasa ne. Ya kashe wayar. Sai lokacin na tuna a ruwa yayansa ya rasu.

Yau kwana huɗu ba ya ɗaukar wayata. Gobe abokan wasa za su yanke ko a cire ni daga wasan, amma ba wannan ya dame ni ba. Malama, in hau jirgi in je Shanga? In na je, da wane baki zan fara?