Cinyar Rago Ɗaya ta Bulus Ce

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, da fatan an yi Sallah lafiya. Ni manomin albasa ne a Goronyo. Da fartanya ɗaya na fara, yau injinan ban ruwa huɗu gare ni, kuma ba gado na ci ba.

Mai gyara min injinan nan Kirista ne, sunanshi Bulus. Washegarin Sallah, da anka sauke ragon layyata daga wuta, na aika mashi cinya guda. Ya zo godiya, munka zauna zaure. Ya ce, "Alhaji, labarin ragon ga yana cikin littafinmu, Allah ya fanshi ɗan Annabi Ibrahim da shi." Na ce, "Wane ɗa?" Ya ce Ishaƙu. Na ce Isma'ila dai. Munka yi ta gardama har shayi ya huce. Bai sauka ba, ban sauka ba, amma mun yarda Ibrahim ya bi umurnin Ubangijinshi.

Da labari ya kai ga kawuna, sai ya maido nashi kason, wai ba ya cin ragon da anka raba da Kirista, kuma ya bar taka gidana. Na je na durƙusa na ce, "Kawu, albasar da nike aiko maka, injin da Bulus ya gyara ke shayar da ita. Don mi ba ka maido ta?" Har yau ba ya amsa gaisuwata.

Malaman shirinku su ba ni hujja. In haramun ne, in bari. In ba haka ba, baɗi in Allah ya kai mu, cinya ɗaya ta Bulus ce, ɗaya ta Kawu. Ina gaishe da Kawu, na san yana saurare.